Kano ta amsa kiran ɗan sama jannati, wa zai amsa kiran yaran Gobir?

'Yan uwa mazauna wannan zaure, na Sabon Birni da na Isa, da waɗanda neman abinci ko gudun hijira ya kai Sakkwato, Kano, Maraɗi da Gidan Runji.

Makalar wannan mako maganar 'yan sama jannati ce. Mun san akwai wanda zai ce: mutane ba sa iya zuwa gona, ana biyan 'yan bindiga haraji, ku kuma kun ɗaga kai kuna kallon sama? Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa, amma muna roƙon ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe. A ganinmu, tarihin mutanen farko da suka je sararin samaniya yana da amsar wata tambaya da ke ci mana tuwo a ƙwarya: yaron da rashin tsaro ya raba shi da makaranta shekara uku ko biyar, tasa ta ƙare ke nan, ko da sauran magana?

Mu fara da Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, Ba'amurke John Glenn ya tashi daga jihar Florida cikin ɗan ƙaramin kumbo mai suna Friendship 7, ya zagaya duniya sau uku cikin awa 4 da minti 55. Yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, don haka kowane zagaye bai kai awa ɗaya da rabi ba. A wancan lokaci babu taurarin ɗan adam na sadarwa da za su riƙa kai muryarsa gida. Sai hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a doron ƙasa da kan teku, yadda in kumbon ya ɓace wa wannan tasha, ta gaba za ta karɓe shi. Akwai ɗaya a Zanzibar, akwai ɗaya a Kano.

Ƙasa da rabin awa da tashinsa, Glenn yana magana da Kano. Ya gaya musu yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka ce masa ai an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Watan Fabrairu ne, wato irin ƙurar hunturun nan da muka sani, mai fasa leɓe da dunduniya. Tsakanin Kano da Sabon Birni kimanin kilomita 300 ne a miƙe, nisan da kumbon ke cinyewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta tauraron ɗan adam. Ke nan tun ranar farko ƙasar Hausa na cikin wannan labari, a matsayin masu amsa kira daga ƙasa. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Glenn ɗaya ne cikin mutum bakwai da NASA ta gabatar wa duniya ranar 9 ga Afrilu 1959: Alan Shepard, Gus Grissom, John Glenn, Scott Carpenter, Wally Schirra, Gordon Cooper da Deke Slayton. An tace su ne daga cikin matuƙan gwajin jiragen soja 110, bisa sharuɗɗa rubutattu: kada mutum ya kai shekara 40, kada tsawonsa ya wuce santimita 180 saboda ƙanƙantar kumbon, ya yi karatu mai zurfi, kuma ya yi awa 1,500 yana tuƙa jirgi. In ka ga hotonsu cikin kaya masu ƙyalli sai ka ɗauka 'ya'yan sarakuna ne. Mahaifin Glenn mai gyaran famfo ne. Mahaifin Grissom ma'aikacin jirgin ƙasa ne a wani ƙaramin gari. Slayton kuwa a gona ya tashi, a gidan da babu lantarki babu famfo, kuma yana yaro injin yankan ciyawa ya cire masa yatsa ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda rayuwar aikinsu ta kasance, don babu ko ɗaya cikinsu da ya samu hanya a share. Shepard ne ya fara tashi, ranar 5 ga Mayu 1961, tafiyar minti 15 kacal. Daga baya ciwon cikin kunne mai sa jiri da amai ya kama shi, likitoci suka hana shi tashi. Ya yi shekaru yana aikin ofis, aka yi masa tiyata, ya warke, ya taka duniyar wata a Fabrairun 1971 yana da shekara 47. Masu musun an je wata, mu ajiye wannan gardama zuwa wani makon.

Grissom ya tashi a Yulin 1961. Da ya sauka a teku ƙofar kumbonsa ta balle, kumbon ya nutse, shi ma da ƙyar aka ceto shi, kuma aka yi ta gunagunin cewa laifinsa ne. NASA ba ta yar da shi ba. Ta ba shi jagorancin tafiyar farko ta shirin Gemini a 1965, ta kuma zaɓe shi ya jagoranci tafiyar farko ta Apollo. A nan ajali ya same shi: ranar 27 ga Janairu 1967 wuta ta kama cikin kumbon suna gwaji a ƙasa, ya mutu tare da Ed White da Roger Chaffee. Carpenter ya tashi sau ɗaya a Mayun 1962, ya sauka kimanin kilomita 400 nesa da inda ake jiransa, bai sake tashi ba, ya koma binciken ƙarƙashin teku. Schirra ne kaɗai ya tashi a shirye-shiryen nan uku, Mercury da Gemini da Apollo. Cooper ya zagaya duniya sau 22 a Mayun 1963, kuma da wutar na'urorinsa ta lalace a ƙarshen tafiya, da agogon hannunsa da 'yan layukan da ke jikin tagar kumbon ya daidaita saukarsa. Glenn ya bar aikin ya zama sanata, sai a 1998 ya sake komawa sama yana da shekara 77.

Slayton ne ya fi kowa jira. An riga an sa shi a tafiyar da za ta biyo bayan ta Glenn, sai a Maris 1962 likitoci suka cire shi saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Abokansa shida duk suka tashi yana kallo. Hukumar ba ta sallame shi ba, sai ta ɗora shi kan aikin zaɓen waɗanda za su tashi, har ya zama shi ke da babbar murya wajen tsara wa zai je wata. Yana wannan aiki yana neman magani, har a 1972 aka tabbatar ya samu lafiya. A Yulin 1975, yana da shekara 51, ya tashi a tafiyar da kumbon Amurka da na Tarayyar Sobiyat suka haɗu a sama. Shekara 16 tsakanin zaɓensa da tashinsa.

Wani zai ce, ai waɗannan Amurkawa ne, ƙasarsu na zaune lafiya. To mu leƙa ɓangaren Rasha, inda aka zaɓi matasan matuƙa 20 a 1960. Wanda ya riga kowa a duniya zuwa sama, Yuri Gagarin, an haife shi a 1934 a ƙauyen Klushino. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa mai tatsar madara a gonar gwamnati. Yana da shekara bakwai sojojin Jamus suka mamaye ƙauyen, aka ƙona makaranta, aka ƙwace gidansu. Iyalin suka yi ɗan ɗakin ƙasa a bayan gida, suka zauna cikinsa wata 21. Aka kwashe yayyensa biyu zuwa aikin bauta. Duk wanda ya fito daga Gatawa ko Tsamaye ko Kamarawa ba sai an fassara masa wannan labari ba.

Bayan yaƙi, yaron ya koma makaranta a garin Gzhatsk, makarantar da aka harhaɗa da abin da aka samu, inda wani tsohon sojan sama ya riƙa koyar da lissafi da kimiyya. Yana da shekara 16 ya shiga koyon zubin ƙarfe, daga nan makarantar fasaha a Saratov, inda ya riƙa zuwa wata ƙungiyar koyon tuƙin jirgi, daga nan makarantar sojan sama. Ranar 12 ga Afrilu 1961 ya zagaya duniya cikin minti 108, yana da shekara 27. Shekara ashirin ke nan daga ɗakin ƙasa zuwa sararin samaniya. Mace ta farko, Valentina Tereshkova, wadda ta tashi a Yunin 1963, marainiya ce, mahaifinta ya mutu a yaƙi, ita kuma ma'aikaciyar masaƙa ce da ta ci gaba da karatu tana aiki.

Me ya haɗa waɗannan mutane? Ba mu musun suna da ƙwazo da jarunta, amma ƙwazo ya cika duniya. Yaron da ke gane lokacin shuka ta hanyar fitowar Kaza da 'Ya'yanta, wanda ke lissafin kuɗin albasa da ka ba tare da biro ba, ba ya rasa ƙwaƙwalwa. Abin da waɗancan suka samu shi ne, a kowane mataki akwai wanda ya karɓe su ya miƙa wa na gaba, kuma lokacin da ciwo ko yaƙi ko kuskure ya tsayar da su, ba a goge sunansu daga rajista ba. Kamar dai tashoshin nan 18: Kano ta karɓa, ta miƙa wa Zanzibar. A tafiyar Glenn ma, wata na'ura ta nuna wa na ƙasa kamar garkuwar da ke kare kumbon daga ƙonewa ta saki. Su suka zauna suka yi shawara, suka umarce shi ya bar rokokin rage gudu a ɗaure don su riƙe garkuwar. Daga baya aka gano na'urar ce ta yi ƙarya, amma abin lura shi ne bai fuskanci wannan tashin hankali shi kaɗai ba.

Yanzu mu dawo gida. Shekarun nan mun ga abin da ba mu taɓa zato ba. Mun ga kisan gillar ƙarshen Mayun 2020 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu. Mun ga matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021. Mun ga yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a Agustan 2024. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da namu biyu. Ko me mutum zai ce kan dalilan tsaro da aka bayar, abin ya ba mu misalin halin da muke ciki: shekara sittin bayan Kano ta yi magana da mutumin da ke sama, mutumin Isa sai ya hau bishiya ko ya nufi bakin iyaka yana neman sabis ɗin Nijar kafin ya gaya wa ɗan uwansa an yi rasuwa.

Akwai wata asarar da ba a ƙirga ta don ba a yi mata jana'iza. An rufe makarantun kwana, malamai sun bar ƙauyuka, yaran da suke aji huɗu lokacin da abin ya tsananta yanzu samari ne da 'yan mata. Wasu suna Sakkwato suna tura baro, wasu suna sansani a jihar Maraɗi, wasu an aurar, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, daji ya janye su. Abin da ke ba mu tsoro shi ne yadda mu kanmu muka fara yanke musu hukunci. Za ka ji babba yana cewa, wannan ai ya girma, boko ta wuce shi. Da a ce haka aka ce wa ɗan kafintan Klushino, da duniya ba ta san sunansa ba.

Kada a ɗauka muna wanke Amurka ko Rasha. Gasar makamai ce ta haifar da wannan tsere, kuma an zalunci mutane a cikinsa. Ed Dwight, baƙar fata matuƙin jirgin soja, ya yi horon amma ba a zaɓe shi ba, sai a 2024 ya je sama yana da shekara 90. Wally Funk ta ci irin gwajin lafiyar da mazan suka ci tun 1961, aka ƙi ta saboda mace ce, sai a 2021 ta tashi tana da shekara 82. Wannan ma darasi ne a gare mu, don duk al'ummar da ta rufe ƙofa ga rabin 'ya'yanta, ita ke asara. Katherine Johnson, baƙar fatar da Glenn ya nemi ta sake duba lissafin da kwamfuta ta yi kafin ya yarda ya tashi, a yankinsu babu sakandaren da ke karɓar baƙaƙe. Iyayenta suka riƙa ƙaura zuwa wani gari duk lokacin karatu don 'ya'yansu su samu makaranta. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wajenmu, haka iyayenmu suka riƙa tura 'ya'ya gabas neman ilimi.

Nijeriya ma tana da hukumar sararin samaniya tun 1999. Ta harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, ta harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, kuma na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi bayan horo a Ingila. A 2016 an ce za a tura ɗan Nijeriya sama kafin 2030. Muna fata, kuma muna da haƙƙin tambayar me hotunan taurarin nan suka tsinana wa dazukan da ke tsakanin Isa da Shinkafi. Amma ranar da za a buɗe rajistar neman wannan ɗan sama jannati, ko rajistar makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ko ta likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yara nawa daga Gobir za su cika sharaɗin farko? Jarrabawar JAMB yanzu da kwamfuta ake yinta, alhali akwai yaranmu da ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Ba sai an kore mu daga layi ba, mu ne ba za mu iso wurin ba.

Haƙƙin tsaro da makaranta yana wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina tuna mata ba. Sai dai yaro ba ya daina girma don ana jiran kasafin kuɗi. Saboda haka ga shawararmu ga wannan zaure: mu zaɓi namu bakwai. Bakwai daga Sabon Birni, bakwai daga Isa, rabi mata rabi maza, daga cikin yaran da rikici ya katse wa karatu, mu ɗauki alƙawarin raka su shekara goma, daga inda suka tsaya har zuwa jami'a, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko sana'ar da ta dace da su. Ga wanda iyayensa ke tsallaken iyaka, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi.

Muna ganin abu huɗu ne za su raba wannan da irin gidauniyoyin da ake kafawa da safe su mutu da yamma.

Na farko, a rubuta sharuɗɗan zaɓe kafin a ambaci sunan kowane yaro, kuma malaman makaranta su yi gwajin. Ban da ɗan wane da ƙanen wane, ban da hoton ɗan siyasa a jikin jaka.

Na biyu, kowane yaro ya samu mutum ɗaya daga cikinmu da zai zama tasharsa, mace ga 'yan mata, namiji ga maza, da sanin iyaye. Ya kira shi duk mako, ya san malaminsa, ya san ranar da takalminsa ya tsinke. In aiki ya ɗauke wannan mutum, ya miƙa yaron ga wani a rubuce. Kuɗi na da muhimmanci, amma yawancin yaran da ke barin makaranta suna barinta ne a makon da babu wanda ya lura ba su zo ba.

Na uku, faɗuwa jarrabawa ba ta fitar da yaro daga cikin bakwai ɗin. Ciwo, ko gudun hijira, ko aure, ko shekara ɗaya da aka rasa, duk dakatarwa ce irin ta Slayton. Sunansa na nan har ya dawo.

Na huɗu, kuma mun san wannan zai yi wa wasu ɗaci: a sa yaran Fulani a ciki. Akwai rugagen da aka tarwatsa, akwai marayu a can kamar yadda suke a nan, kuma yaron da babu mai kiransa daga gari, akwai mai kiransa daga daji. In har muna so jikokinmu su yi noma a fadamar Rima ba tare da biyan kowa ba, dole wani yaro daga ruga ya zauna benci ɗaya da ɗan Bagobiri.

Saboda halin da ake ciki, kada a sa sunan yaro ko hotonsa ko ƙauyensu a nan, haka ma sunan masu ba da gudummawa, don mun san infoma ba su da alama a goshi. Lissafin kuɗin shiga da fita kuwa, a riƙa liƙa shi duk wata kowa ya gani.

Ba mu ce cikin sha huɗun nan za a samu ɗan sama jannati ba. Cikin Rashawa 20 na farko ma, 12 ne suka tashi. In muka samu malamar lissafi ɗaya da za ta koma Unguwar Lalle, da injiniya ɗaya mai gyaran turakun sadarwa, da ungozoma ɗaya a Bafarawa, riba ta samu. Gobirawa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka watse, amma suka sake kafa Tsibiri, suka sake kafa Sabon Birni. Sunan garin ma kansa shaida ne cewa an taɓa rushe mu muka sake gini.

Wanda yake ganin shawarar ta yi, ya faɗa a ƙasa. Wanda yake ganin da gyara, musamman malamanmu na makaranta da iyayenmu mata, ya kawo gyaran, don mako mai zuwa muna so mu fitar da sharuɗɗan zaɓe. Wanda kuma zai iya zama tashar yaro ɗaya, ya tuntuɓi masu kula da zaure ta saƙon sirri.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya shirya mana zuri'a.